Wa Ya Ce Ki Daina?

Yau kwana talatin da uku ke nan Alisabatu tana riga kajin unguwa tashi. Ta hura wuta, ta ɗora ruwa, ta jefa ɗan gishiri, ta sauke ta jira ya huce, sannan ta kira mijinta ya kawo hannu. Safe da yamma, ba fashi, har ranar Lahadi. Bayanta ya gaji, idonta ya gaji, ita kanta addu'ar da take yi a kan ruwan ta yi ta gajarcewa har ta koma "Ubangiji, ka dai gani." Hannun kuwa yana nan jiya i yau.

"Baban Jemima, fito mana. Ko sai na aiko maka da mota?"

Barnabas ya fito daga ɗaki yana tallafe da hannun damansa a ƙirji kamar an ba shi riƙon jaririn mutane. Ya zauna a benci gindin mangwaro, ya miƙa mata, ya kau da kai wajen katanga. Tun mako na biyu ya daina kallon ciwon.

Barnabas tela ne, duk unguwar Sintali an san shi, musamman wajen ɗinkin mata. Shi ya karɓi ankon Zumuntar Matan cocinsu, riga da zani da ɗankwali na mutum arba'in da biyu. Ga taron shekara ya ƙarato, ga wutar lantarki an ɗauke kwana huɗu kamar an yi rantsuwa. Ranar da abin ya faru, gawayin dutsen guga ya ƙi kamawa, damshi ya taɓa shi. Barnabas, dattijo guda da furfurarsa, wanda ya isa ya yi wa wasu faɗa, sai ya ɗauko robar fetur ɗin babur ya tsiyaya a kai. Sauri ya haifi nawa! Wuta ta bi bakin robar ta lashe masa bayan hannu, tun daga wuyan hannu har kan babban yatsa da manuniya. Da aka kashe wutar, abin da ya fara tambaya shi ne ko kayan Zumunta sun ƙone. Ko zare ɗaya bai ƙone ba.

Ita tana kasuwa wajen doyarta a lokacin. John, maƙwabcinsu mai keke Napep, shi ya kwashe shi zuwa wani ƙaramin asibiti a Kachalla Sembe. Ko da ta iso gida a guje, ɗankwali a hannu, ta tarar an dawo da shi, hannu a naɗe, ga kwalin magani a gefen katifa. Ta buɗe ta ga farin mai ne, irin wanda ake matsawa kamar makilin.

"An ce a wanke, a shafa, a naɗe. Safe da yamma," in ji shi. Iyakar abin da ya gaya mata ke nan, ita kuma ba ta tambayi ƙari ba.

Washegari matan Zumunta suka fara sintiri. A garin nan ba a zuwa dubiya hannu rabbana, balle kuma mutumin da ya ƙone a kan kayanki. Caroline, shugabarsu, mace mai murya kamar lasifika da zuciya mai kyau, ita ta ɗauki kwalin ta karanta sunan da ƙarfi, ta kuma sanar a taron Alhamis. Shi ke nan. Duk wadda za ta zo sai ta biya kemis tukuna. Wata ta haɗa da lemo, wata da kunun gyaɗa a jug, amma kwalin nan ba ya rasa a leda.

"Maman Jemima, magani nan tana da kyau sosai," in ji Caroline tana ajiye na uku. "Ki shafa masa da yawa, kar ki ji tsoro. In ya ƙare muna nan."

Kafin mako ya zagayo, kwali tara sun jeru a bakin taga kamar 'yan kwayar coci. Ba a mayar da hannun kyauta baya. Kuma ko da ana mayarwa, Alisabatu ba mai mayar da magani ba ce, don tana da dalilinta.

Jemima ce 'yarsu ta fari, da tana raye da yanzu ta kai ashirin da biyar. Tana shekara shida taifot ya kama ta, aka rubuta mata magani na mako biyu. A kwana na biyar yarinya ta tashi garau, ta ci tuwo, har ta yi tsalle-tsalle a tsakar gida. Alisabatu ta dubi sauran maganin ta ce ai ciwo ya tafi, ta ƙulle a leda ta ɗora saman kabad don wata rana, yadda kowace uwa a layinsu take yi. Bayan kwana tara zazzaɓi ya dawo da fushi. Ko da suka kai ta asibiti ciki ya kumbura, likitan ya dubi Alisabatu ta saman tabarau ya ce, "Wa ya ce ki daina?"  Jemima ta rasu ranar Talata da hantsi. Ranar jana'iza, bayan mutane sun watse, Barnabas ya tsaya a ƙofar ɗaki ya maimaita mata tambayar likitan, sau ɗaya tak. Bai sake ba, bai kuma janye ba, yau shekara goma sha tara.

Mutane ba su fasa kiranta Maman Jemima ba, ita ma ba ta so a fasa. Amma tun daga ranar, magani bai taɓa kwana a gidanta da saura ba. 'Ya'yanta maza biyu da ke karatu a Wukari sun sha wuya a hannunta suna yara: ko maganin tari ne, in ya ƙare sai ta zuba ruwa a kwalbar ta girgiza ta ɗura musu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, kuma ba wanda ya isa ya yi mata dariya a gabanta.

Ranar da ƙunar ta cika mako guda, ciwon ya yi kyan gani. Ya yi ja mai tsabta, ba wari, gefe-gefe har wata siririyar fata ta fara tasowa. Barnabas ya leƙa, ya yi gyaran murya.

"Maman Jemima, ina ga kamar ya isa haka. Ko za mu ɗan tsaya da shafawar nan, mu..."

Ba ta bari ya kai aya ba. "Mu tsaya? Don ka ga sauƙi? Haka muka ga sauƙi wancan karon!" Ta nuna masa taga da haɓa. "Ga magani Allah ya kawo har gida. Muddin ina numfashi, sai na ga ƙarshen na ƙarshe."

 Hannunsa na hagu ya tafi aljihun riga, ya ɗan tsaya a can, ya dawo ba komai. Ta gani, amma ta ɗauka goro yake nema.

To, tun daga wannan makon ciwo ya tsaya cak kamar jakin da ya ga gada. Siririyar fatar nan ba ta ƙara gaba ba, sai ma ta yi laushi ta yi fari kamar ƙafar mai wanki. Tsakiyar ciwon ta yi wani ɓawo mai ruwan ƙwai, kullum a jiƙe, in ta goge sai jini. Da ta ga haka sai ta ce maganin ne ya yi kaɗan, ta ƙara kauri, tana lafta shi kamar mai yaɓen ɗaki. Ta haɗa yatsun gaba ɗaya ta naɗe tamau, ta hana shi motsa su, don kar ya fama. Ta rage zuwa kasuwa, doya ta fara tsiro a ɗaki. Ankon Zumunta wani tela a unguwar Sarkin Dawaki ya ƙarasa, an yi taro an watse.

Abin da ke cin ranta ba ta faɗa wa kowa. Babban almakashinsa mai baƙin mariƙi, wanda ya saya tun kafin aurensu, yana rataye a ƙusa cikin shagon da ke zauren gidan. Sau da yawa takan tarar da shi zaune a gaban keken ɗinki yana kallon almakashin nan. Tela ba babban yatsa, ba manuniya, ai sunansa tsohon tela. Shekara talatin da wannan hannun ya ciyar da su, kuma Barnabas bai iya wata sana'a ba, ko kaza bai iya kiwo ba. Tsoro take ji, tsoro mai tsanani, shi ya sa take ƙara shafawa.

Wannan safiyar ta talatin da uku, ta gama wanki, ta matse kwali na shida har sai da ya yi shafal, ta juya ɗaukar bandeji, sai ta tarar ya ƙare. Ta rufe ciwon da ɗan guntun da ya rage, ta yafa mayafi ta nufi kemis na bakin layi. A kulle. Wai mai shi ya tafi jana'iza ƙauye. Ta tsaya a gaban ƙofar kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ba don bandejin ba, don gajiya kawai. Rana ta riga ta fara dukan ƙeya tun ƙarfe takwas, irin zafin nan na gab da faɗuwar damina. John ne ya gan ta yana fitowa da kekensa, ya ce ta hau ya kai ta asibitin da ya kai maigidan, ai suna sayarwa a can.

A asibitin ta tarar da wata nas siririya, Bafulatana, an rubuta Nasiba a ƙirjin rigarta. Tana cike wata takarda, ba ta ɗago ba.

"Sannu Mama. Me za a ba ki?"

"Bandeji, 'yata. Babba. Na mai ƙuna ne."

"Yaro ne?"

"Maigidana ne. Tela. Nan aka kawo shi."

Nasiba ta ɗago. "Telan Sintali? Mai fetur? Ikon Allah! Ni na wanke masa ai. Da ban gan shi ba na ɗauka ya koma wani asibitin. Bai warke ba har yanzu?"

"Muna dai shafawa. Yau na gama kwali na shida, saura uku."

Biron ya tsaya. "Na shida? Mama, yau kwana nawa?"

"Talatin da uku." Ta faɗa da ɗan alfahari, don ko rana ɗaya ba ta tsallake ba.

Nasiba ta ajiye biro a hankali, ta ture takardar gefe. "Useni, don Allah Mama, koma ki kawo shi. Yanzu, ba gobe ba."

Da aka kawo shi, Nasiba ta zaunar da shi, ta warware naɗin, ta yi ta zuba ruwa tana goge farin man nan a hankali, sama-sama, har ta kai ga nama. Barnabas ya cije leɓe, zufa tana ɗiga daga gemunsa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce ya lanƙwasa babban yatsa. Ya ɗan motsa. Ta ce ya lanƙwasa manuniya. Ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, yatsa ya tsaya a miƙe kamar kara.

"Mama, matso ki gani," in ji ta. "Kina noma?"

"Ina da 'yar gona a bayan gari."

"Maganin ciyawa, yaushe kike fesawa?"

"Kafin masara ta fito."

"In ta fito fa, kika ci gaba da fesa shi a kanta safe da yamma?"

Alisabatu ta sunkuyar da kai ta dubi ciwon. 

"Haka man nan yake. Aikinsa ya kashe ƙwayoyin cuta a kwanakin farko, lokacin da ƙuna take ɗanya. In ciwo ya yi tsabta ya fara kawo sabuwar fata, sai a janye shi a canza abin rufewa, don ita ma sabuwar fatar ba ya barinta ta yi ƙarfi. Ba kowace ƙuna ce iri ɗaya ba, shi ya sa ake dawowa mu gani da ido. Wadda ta wuce mako biyu ba ta rufe ba kuwa, ta fi ƙarfin gida, ta babban asibiti ce. Kuma yatsu ba a ɗaure su wuri ɗaya a bar su, motsa su ake yi kullum ko da zafi."

"Amma likita ya ce ba a daina magani sai ya ƙare." Muryarta ta fito siririya kamar ba tata ba. "Likita ne ya faɗa mini da bakinsa."

"Wannan na sha ne, Mama, wanda aka ƙirga miki kwanakinsa. Shi ma kwanakin ake bi, ba kwali ba. Kowane magani yana da ranar farawa da ranar tsayawa. Na wannan, kwana bakwai na ce, ku dawo in duba."

"Ba wanda ya gaya mini kwana bakwai."

"Na faɗa, na kuma rubuta a katinsa." Nasiba ta juya. "Baba, ina katin?"

Barnabas yana kallon siminti. Can ya kai hannun hagu aljihun riga, ya zaro wani kati da ya sha ninki ya sha zufa har gefensa ya cinye. Alisabatu ba ta yi nisa a boko ba, amma ta san bakwai in ta gan shi. Ga shi nan da jan biro, har an ja masa layi biyu a ƙasa.

Nasiba ta dubi mijin, ta dubi matar, ta gane akwai maganar da ba tata ba, sai ta kama aikinta. Ta rufe ciwon da wani bandeji mai maiƙo, ta naɗe kowane yatsa daban, ta rubuta musu takardar zuwa babban asibiti. Ta ce mai yiwuwa sai an yanko fata daga cinya an dasa a tsakiyar.

"'Yata," in ji Alisabatu, "zai riƙe almakashi?"

"Babban yatsan ina sa rai. Manuniyar, ba zan yi miki alkawari ba, Mama. Da kun zo tun a mako na biyu, da magana ta yi sauƙi. Wannan man dai kar ya sake taɓa shi."

Suka hau keken John zuwa gida. John da ya saba surutu kamar rediyo, ya leƙa madubi sau ɗaya ya kama bakinsa. Suka sauka, suka shiga gida, Barnabas ya nufi bencinsa. Ita ta tsaya a tsakar gida da mayafi a kafaɗa, rana tsaka, ba ta ma nemi inuwa ba.

"Ka sani," ta ce.

"Na sani."

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

"Kana kallona ina tashi da asuba, ina barin kasuwa, doyata tana ruɓewa, ina lafta maka abin da ke cin hannunka, katin yana aljihunka? Haba, Baban Jemima! Me na yi maka?"

"Ban san yana ci ba. Na ɗauka in bai ƙara ba, ba zai rage ba." Ya share zufa. "Kuma ba zan ɓoye miki ba, wankin asibitin nan na ji tsoronsa. Ranar farko har fitsari ya kusa kufce mini."

"Tsoro? Shi ke nan?"

"Ba shi ke nan ba." Ya dubi naɗin hannunsa. "Ranar bakwai na so in nuna miki. Kika ce haka muka ga sauƙi wancan karon. Sai na tuna abin da na faɗa miki a ƙofar ɗakin can ranar da muka binne ta. Ni na faɗa. Shekara goma sha tara ina ganin abin da maganar nan ta mayar da ke. To da wane bakin zan ce miki ki daina magani? Ni?"

 Fushi ne, baƙin ciki ne, tausayinsa ne, duk suka haɗu mata lokaci ɗaya.

"Don kana jin kunyar bakinka, sai ka ba ni hannunka in lalata? Na daina da wuri, na rasa 'ya. Yanzu na ƙi dainawa, na ci maka yatsa. To ni ina zan sa kaina? Wace hanya ce tawa?"

 Ta shige ɗaki ta kwanta a kan tabarma da kayan jikinta, ba ta yi kuka ba, gajiyar ta wuce kuka.

La'asar na yi, jikinta ya tashe ta da kansa. Kafin ta farga ta hura wuta, ta ɗora ruwa, ta jefa gishiri. Ta je bakin taga ta ɗauko kwali na bakwai, ta buɗe, ta cire murfi. Sai a nan ta tuna. Ta tsaya da abin a hannu, farin man ya ɗan leƙo a baki. Ta ji duk abin da nas ta faɗa, ta kuma yarda, amma hannunta ya ƙi ajiyewa. Ga magani da saura, ga mara lafiya a zaune, ita kuma a ce ta mayar da murfi ta ɗora a sama? Abin da ta yi ke nan wancan karon, daidai da daidai. 

Ba ta ji tasowarsa ba, sai dai ta ga inuwarsa a bango. Ya sa hannun hagu ya riƙe nata.

"Alisabatu." Rabon da ya kira ta da sunanta tun kafin a haifi Jemima. "Ki daina. Ni na ce ki daina." Ya karɓi murfin ya kasa rufewa da hannu ɗaya, sai ita ta rufe. "Wancan karon ma ina gidan nan. Na ga ledar a saman kabad, ban ce komai ba. Ba ke kaɗai ba ce. Ban taɓa gaya miki ba."

Nan ne kukan ya zo. Ta zauna a dandamalin ƙofa ta yi shi son ranta, ruwan da ta ɗora yana ta tafasa har ya ƙone ba wanda ya sauke.

Suna nan sai ga sallamar Caroline, da leda a hannu. "Maman Jemima! Na ce watakila ya kusa ƙarewa, shi ne na biya kemis..."

Alisabatu ta share fuska da bakin zani. A rayuwarta ba ta taɓa mayar wa mutum da kyauta ba. Ta tashi ta kwaso ukun da suka rage, ta haɗa da na ledar, ta damƙa wa Caroline a hannu biyu.

"Uwar Zumunta, na gode, Allah ya saka. Ki kai wa nas ɗin Kachalla Sembe, ta san wanda ya dace da shi. Kuma ranar Alhamis ki ba ni minti biyar, ina da magana da mata."

Caroline ta dubi idon Alisabatu, ta dubi sabon naɗin hannun Barnabas. Ta karɓa.

A babban asibiti sun yi kwana goma sha ɗaya. An yanko fatar daga cinya an dasa, ta kuma kama. Aka koya masa motsa yatsu, aka ba shi 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa, Alisabatu ta zama mai gadin wannan aikin, safe da yamma, don ita dai ba ta rabuwa da safe da yamma. Wannan karon kam ta tambayi likita har yaushe, ta sa ya rubuta mata da manyan baƙaƙe, ta liƙa a bango kusa da kalanda. Babban yatsa ya dawo sannu a hankali. Manuniya ta ɗan rusuna kaɗan, ta tsaya a nan.

Damina ta yi nisa, masara ta kai ƙugu, ranar da ya ce ta sauko masa da almakashi. Ta goge tsatsar da man keke, ta shimfiɗa wani tsohon zaninta a tebur. Ya zura babban yatsa a kunne ɗaya, ya zura na tsakiya da na kusa da shi a ɗayan. Ya ce ta ja masa zanin ta riƙe, don yanzu ba zai iya yanka da riƙo a lokaci ɗaya yadda ya saba ba. Ta tsaya a gabansa, ta ja.

Almakashi ya buɗe, ya rufe. Ƙaras. Ƙaras. Layin ya karkace, irin yankan da, da a da ne, zai kori ɗan koyo a kansa. Amma yana yanka. Sai dai manuniyar nan da ta ƙi lanƙwasa tana miƙe a saman almakashin, kuma duk taku ɗaya da ya yi, ita take nunawa, daidai ƙirjinta. Ta yi ƙoƙarin kallon zanin, idonta ya ƙi barin yatsan. Haka zai riƙa nuna ta kullum, har ƙarshen rayuwarsu, ta san da haka.

Barnabas ya ɗago ya ga inda take kallo. Ya dubi yatsan, ya dube ta. Ya ajiye almakashin.

"Zagayo nan," ya ce. "Tsaya kusa da ni, ki riƙe ta wannan gefen."

Ta zagaya ta tsaya a gefen hagunsa, kafaɗa da kafaɗa, ta kama zanin. Ya ɗauki almakashi ya ci gaba daga inda ya tsaya.